Rakiyar da Ban Rama Ba

Ba ni na nemo fim ɗin ba, ƙawata ce ta kawo shi. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka ni irin masu zama gaban talabijin suna sharar hawaye ce. A gidanmu an san halina: in aka sa fim, ni ce mai gyara wa 'yan wasa zance, ina gaya musu abin da ya kamata su yi, har Mama ta gaji ta kora ni kicin. Amma wannan fim ɗin na ƙasar Malesiya ya zauna mini a rai shekara da shekaru, domin da shi ƙawata ta yi ta ƙoƙarin yi mini sallama, ni kuwa ina zaune ina ɓarar gyaɗa ina zuba surutu. Za ta bar Greensboro ne, garin da muke zaune a Amurka, tafiyar da ba dawowa. Kowa a gidansu ya sani, har uwar da ta haife ni ta sani. Ni kaɗai aka bari a duhu.

Daga Kano aka kawo ni ƙasar nan ina tsakiyar sakandare, bayan Baba ya sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Muka kama haya a gabashin gari, kusa da jami'a, unguwar da coci ya fi shago yawa. Ranar da na fara zuwa makaranta, aka zuba mini abincin rana a faranti, na dube shi na ce da Hausa, a zatona ba mai ji: “Wannan kuma mene ne, kamar an jiƙa kwali?”

Sai na ji murya a bayana: “Ci dai, ɗiyar mutane. Gobe ma shi ne.”

Na juya na ga wata doguwa, siririya, da baƙin hijabi, tana danne dariya. 'Yar Maraɗi ce, ta riga ni zuwa da shekara biyu, babanta direban babbar mota ne. Kafin a tashi daga cin abincin mun gama gulmar rabin makarantar. Zani ce ta tarar da mu je mu. Ita ba ta cewa makaranta sai lakwal, irin na mutanen Nijar, don haka na sa mata 'yar lakwal. Ita kuma ta ce bakina ya fi reza kaifi, take kirana Bakanuwa mai reza. Mamarta ce ta ce in riƙa ce mata Tanti, ba Anti ba, wai Anti ta 'yan Najeriya ce.

Tsakanin gidanmu da nasu ba nisa. Ka wuce shagon injin wanki, ka wuce wani coci mai jan bulo, sai wata ƙatuwar bishiya da saiwarta ta ɗaga simintin hanya, daga nan kana hango benensu. A garin nan ba mai tafiya a ƙafa sai wanda motarsa ta mutu ko mai yawo da kare. Mu kuwa mun taho da rakiyarmu, ba mu baro ta a filin jirgi ba. In ta zo gidanmu za ta tafi, sai in yafa mayafi in taka mata. Mu isa ƙofarsu hira ba ta ƙare ba, sai ta ce, “Mu je in taka miki.” Mu dawo ƙofarmu, ni ma in ce ai ba zan bar ta ta koma ita kaɗai ba. Haka za mu yi ta safa da marwa har Mama ta leƙo ta taga.

“Ku biyun nan, wallahi magariba ta same ku a titi sai na saɓa muku!”

Da muka ga abin ba shi da ƙarshe sai muka kafa doka. A zagayen ƙarshe, a gindin bishiyar nan ake rabuwa, tunda ita ce tsakiya, kowa ta kama gabanta. Wadda kuwa aka kai har ƙofar gida, ɗayar ta koma ita kaɗai, to gobe sai ta rama.

Akwai wata tsohuwa baƙar fata da gidanta ke jikin cocin, kullum tana baranda a kujera mai lilo. Ta daɗe tana kallonmu, ran nan ta kasa haƙuri ta kira mu, ta tambaye mu da Turanci ko ɗan kunne muka yar muke nema. Muka yi mata bayanin rakiya. Ta yi dariya har da tari, ta ce kakarta ma a ƙauye haka take yi, ba ta barin baƙo ya tafi sai ta taka masa har bakin gonar taba. Ta ce ta ɗauka abin ya mutu tare da tsofaffi. Tun daga ranar in mun wuce sai ta ɗaga mana hannu, wani lokaci ta riƙa lissafa mana zagaye da yatsu don tsokana.

Mun gama tsara rayuwarmu tsaf a kan wannan 'yar hanyar. Jami'ar da ke bayan unguwarmu za mu shiga, mu karanci aikin jinya, kuma duk mun sami gurbi. Za mu haɗu mu sayi tsohuwar mota, ni in tuƙa, ita ta riƙa nuna hanya, don ni ko a cikin kanti ɓacewa nake yi. Har mun raba wa 'ya'yanmu da ba a haifa ba aure. Ranar bikin kammala makaranta muka sha fama da hular nan mai faɗi, ta ƙi zama a kan hijabi, sai da muka kafe ta da allurai. Da aka fito, Tanti ta rungume ni ta daɗe ba ta sake ni ba. Na ɗauka murna ce.

Bayan bikin sai zaman banza ya same mu. Zafin watan Yuni a garin nan mai ɗanko ne, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Kullum bayan azahar ina gidansu, don na'urar sanyaya ɗakinsu ta fi tamu ƙarfi, kuma Tanti ta iya dambun zogale. Wata rana ƙawata ta ɗauko kwamfuta ta ce ta samo wani fim na Malesiya, lallai sai mun kalla.

“Malesiya kuma? Na Indiyan sun ƙare ne?” na ce.

“Zamna dai ki gani. Irinmu ne, walla.”

Irinmu ne kuwa. 'Yan mata uku ne a wani ƙaramin gari a bakin teku, da fararen hijabai a kan shuɗayen riguna, suna ajin ƙarshe. Ba ma jin yarensu, fassarar Turanci muke bi a ƙasan allo, amma da zarar wata ta yi sallama ko ta ce insha Allahu sai mu saki ihu kamar mun ga 'yan'uwa. Suna cin shinkafa da hannu, suna sumbatar hannun iyayensu in za su fita, su ukun suna cunkushewa a kan babur ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne ba wanda ya tsare su yana tambayar ko da hijabin suke barci, tambayar da mu muka amsa har bakinmu ya gaji. Ranar da suka gama jarrabawar ƙarshe suka fito da gudu cikin ruwan sama, suna tsalle a kwata kamar ba 'yan mata ba.

Daga nan sai fim ɗin ya fara nauyi. Sakamako ya fito. Ɗaya za ta tsaya ta taya mamarta sayar da abinci a bakin hanya, ɗaya tana jiran kiran aiki, ta ukun kuma za ta babban birni karatu. Ita mai tafiyar tun da wuri ta gaya musu, suka yi ta yawon bankwana, suka koma duk inda suka saba zuwa. Ranar tafiya suka kai ta tasha. Motar ta tashi, su biyun suka hau babur suka bi ta, suna kuka suna ɗaga hannu, ita kuma ta manna fuska a gilashi. Suna isa wata gada sai babur ya tsaya, mota ta wuce.

Nan ƙawata ta rufe kwamfutar.

“Ke, ai bai ƙare ba,” na ce.

“Sauran ba daɗi.”

Ban ja ba, don ƙanshin dambu ya riga ya iso falo. Na dai faɗi albarkacin bakina: “Wai wannan kukan duk na mene ne? Ba waya a ƙasar tasu? Mota fa ta shiga, ba kabari ba.”

Ba ta yi dariya ba. Washegari ta sake sa shi, muka kalla har gadar nan, ta rufe. Bayan kwana biyu ma haka. Na fara mita, na ce ko biyanta ake yi ne. Sai ta ce wai tana son waƙar da ake yi a tashar. Ni kuwa har na haddace inda kowacce za ta share majina, ina kwaikwayonsu. Sai daga baya na tuna cewa duk lokacin da aka zo wurin tashar, ba allon take kallo ba. Fuskata take kallo.

A ɗaya daga cikin ranakun ne ta tambaye ni, tana wasa da bakin hijabinta: “In ke ce, kin hi son a hwaɗa miki, ko a ƙyale ki?”

“A faɗa mini me?”

“In mutum za shi tahiya.”

“Wa zai tafi ya bar ni? Ai wanda ya tafi bai gaya mini ba, ni da shi har abada. Ko a hanya muka haɗu ban san shi ba.”

Ta ce, “Haka ne,” ta tashi ta shiga banɗaki. Ta daɗe a ciki. Ni kuwa na ci gaba da ɓarar gyaɗata.

Alamu kam sun yi yawa, in da mai ido ce. Talabijin ɗinsu da kujeru suka ɓace, aka ce za a sayo sababbi. Tanti ta aiko wa Mama babbar tukunyarta ta abincin suna, wai ta cika mata kicin. Ga manyan akwatuna jere a lungu, waɗanda su suke kira baliz. Na tambaya, aka ce kayan da za su gida ne. Ba ƙarya aka yi mini ba, kuma wane gidan namu ne a ƙasar nan ba shi da akwatin da ke jiran mai zuwa gida? Ban kawo komai a raina ba.

Ranar ƙarshe Mama ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini leda. Na leƙa na ga turmin atamfa, da kwalbar turaren wuta, da yaji.

“Kai wa Tanti. Ki ce na ce Allah ya sa a dace.”

“A dace da me, Mama?”

“Ke dai aike na ba ki. Kuma ba sai kin yi saurin dawowa ba, ba aikin da zan sa ki.”

Wannan ya ba ni mamaki, don Mama ba ta taɓa rasa aikin da za ta sa ni ba tun da nake. Amma wanda aka ba hutu ai ba ya tsayawa tambaya. Na ɗauki ledar na tafi ina 'yar waƙata. Da hannuna na kai kayan sallamar ƙawata, ban sani ba. Tanti ta karɓa, ta buɗe, ta daɗe tana kallon atamfar. Sannan ta dafa kaina ta ce, “Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Allah shi ba ki miji mai haƙuri da bakin nan naki.” Na ce amin, na ƙara da cewa ya zama mai mota.

Da la'asar ta yi sanyi ƙawata ta yafa mayafi ta ce mu je. Ranar mun yi zagayen da ba mu taɓa yin irinsa ba. Tsohuwar baranda ta lissafa har yatsunta suka ƙare, ta ɗaga hannu biyu ta sallama. Na ga labulen tagarmu ya motsa, na ce yanzu Mama za ta fara, amma shiru. Hirar ƙawata ma ranar wata iri ce. Wai in daina fita ba karin kumallo. Wai in na shiga jami'a kada in riƙa gardama da malamai, ba kowa zai gane wasa nake ba. Wai in koyi bin taswirar waya da kaina.

“To ke aikin me za ki yi a motar? Ado?” na ce.

Ta yi murmushi ta ce, “Koya dai.”

Rana ta yi ja, muka taho zagayen ƙarshe daga wajen gidansu. Muka iso bishiya na tsaya, ita ba ta tsaya ba. Ta kama hannuna ta ja ni, muka wuce coci, muka wuce shagon wanki, har ƙofarmu.

“Mu je in mayar da ke bishiya,” na ce.

“A'a. Yau ni na kawo ki. Shiga.”

“Kin karya doka fa.”

“Na karya. Shiga in gani.”

“To gobe na rama.”

Ta ce, “Dakor,” wato ta yarda. Na shige da gudu, don tun a zagayen baya fitsari ya matse ni. Ko waiwaye ban yi ba.

Washegari na kira wayarta a kashe. Ban damu ba, kullum cajinta a ƙare yake. Bayan azahar na kama hanya. Ina zuwa daidai coci tsohuwar nan ta yafito ni, ta ce in hau barandar. Ba ta taɓa cewa in hau ba. Ta riƙe hannuna ta ce ta yi mini jaje, ta san yau gidan zai yi mini faɗi. Na ce jajen me? Sai ta sake ni, ta dube ni sosai. Ta ce da safe wata farar mota ta zo ta kwashe su da akwatunansu, mutanen filin jirgi ne. Ta ce jiya bayan an kai ni gida, 'yar'uwata ta dawo ta tsaya a gindin bishiya, ta jingina goshinta da ita, ta daɗe a haka har aka kunna fitilun titi. Ita ta ɗauka mun yi sallama ne.

Ban san yadda na isa benen ba. Na buga ƙofa har hannuna ya yi zafi. Na zagaya na leƙa ta taga, ba labule. Falon wayam, sai sawun ƙafafun kujeru a jikin kafet, da ɓawon gyaɗa guda ɗaya a lungun da nake zama.

Na tarar da Mama a kicin tana yanka albasa. Ba ta juyo ba, da na ga haka na san ta sani.

“Mama, kin sani?”

“Na sani.”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin azumi. Zauna.”

Na ƙi zama. Ta ajiye wuƙar ta yi mini bayani a tsaye. Takardun zaman baban ƙawata sun daɗe da rikicewa, ya yi iya ƙoƙarinsa abin ya ƙi, shi ne ya ce gara ya tattara iyalinsa ya koma da mutuncinsa. Ita tafiya kuwa ba a faɗinta sai an sauka, kowa ya san wannan. Akwai baki, akwai ido. Sun taɓa shirin zuwa gida a baya, magana ta fita, komai ya wargaje, tun daga nan Tanti ta ɗauki darasi. Mama kaɗai ta gaya wa, don tana son wanda zai karɓi makulli. Ita kuwa 'yarta, Tanti ta zaunar da ita ta ce mata in ta faɗa wa ko mutum ɗaya ba ta yafe ba.

“Ni ce mutum ɗayan ai! Ni ce mai bakin? Ni zan yi musu baki?”

“Ba wanda ya ce haka. Amma ke in kin ji, unguwa ta ji. Kuma ko ba haka ba, amana aka ba ni. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.”

Na ce mata ta cuce ni. Ban taɓa gaya wa uwata magana irin wannan ba, kuma na shirya shan mari. Sai ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yanka albasa, ta ce a hankali: “Ni ma haka na baro tawa ƙawar a Kano. Na je na yi mata kitso, na ce sai jibi.”

Na shiga ɗaki na yi kukan da ban san ina da shi ba, irin wanda na yi ta yi wa 'yan Malesiya dariya a kansa. Na fahimci dalilin Tanti, na fahimci na Mama, kuma ban isa in ce ƙawata ta ɗauki fushin uwa saboda ni ba. Duk na gane. Amma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Waɗancan na fim an ba su wata guda, sun yi yawon bankwana, sun bi mota har gada. Ni an ba ni leda an ce in kai.

Bayan kwana biyu saƙon murya ya shigo daga wata baƙuwar lamba. Muryarta a dishe: “Mun sauka lahiya. Bakanuwa, ki yahe mini. Na so ki gane, ba ki gane ba.” Ni da na ce har abada, ko minti biyar ban yi ba na kira. Na zage ta tas, ita tana kuka ni ina kuka, har cajinta ya ƙare.

Da farko kullum muna waya. Ina ba ta labarin jami'a, tana ba ni labarin yadda Faransancinta ya yi tsatsa, 'yan'uwa suna mata dariya. Daga nan sai ya koma ranar Juma'a. In na tashi daga aji ita ta yi barci, in ta sami sarari ni ina ɗakin gwaji. Ba faɗa muka yi ba, da faɗa ne ma da an sasanta mu. Ta shiga makarantar koyon malanta, ta haɗu da wanda take so ta aura, na ga bikin a hotuna. Na gama karatu, na sayi tsohuwar motar ni kaɗai, na koyi bin taswira. Mutanenmu sun ce zumunta a ƙafa take, na ɗauka tsohon zance ne na zamanin da ba waya. Ashe sun san abin da suke faɗi. Aka kai lokacin da sai da Sallah muke gaisawa. Ina wuni, ina gajiya, ya yara, ya Tanti, ya Mama, ya sanyi, ya zafi. In gaisuwar ta ƙare sai ɗaya ta ce to madalla, a gaida mutan gida.

Bara ina neman abin kallo ranar hutuna, sai ga fim ɗin ya faɗo mini. Na gane shi da fararen hijaban nan. Na zauna na kalla ni kaɗai, ba wanda na gyara wa zance. Aka zo gada, babur ya tsaya, mota ta wuce, sai na ji hannuna ya tafi zai rufe kwamfuta. Na hana shi. Ashe saura kusan rabi. 'Yan matan sun yi ta waya da farko, daga baya abin ya ja baya. A ƙarshe suka haɗu a bikin auren ɗayarsu bayan shekaru, aka zaunar da su tebur ɗaya, suna ta murmushi suna miƙa wa juna abinci, kowacce tana duba wayarta. Ba wadda ta yi wa wata laifi. Haka fim ɗin ya ƙare.

Sai a sannan na gane ita ta riga ta kalle shi har ƙarshe tun kafin ta kawo mini. Ta san inda labarin ya dosa, shi ya sa take rufewa a gada.

Washegari na kasa haƙuri. Yanzu a wani ƙaramin asibiti nake aiki a Sedgefield, can kudu maso yammacin gari. Da aka ba mu hutun cin abincin rana na shiga mota na kira ta, ba Sallah ba, ba komai ba. A can yamma ta yi. Ta ɗauka da faɗuwar gaba, ta ce lafiya? Na ce lafiya lau. Muka yi gaisuwar nan tamu har ta ƙare. Sannan na ce, “'Yar lakwal, na ƙarasa fim ɗin nan.”

“Wane fim?”

“Na Malesiya mana. Mai babur, mai gada.”

Ta yi 'yar dariya. “Allahu akbar. Kin tuna da nisa. Tsaya, baƙuwata za ta tahi, bari in taka mata, yanzu in kira ki.”

Ba ta kashe wayar ba. Ina jin ta riƙe ta ne a hannu tare da bakin mayafi. Na ji ƙarar ƙofar ƙarfe, na ji takun silifas a kan yashi, da kukan akuya, da yara suna ƙwallo. Wata mata tana ba da labari, ban ji farkonsa ba. Sai ƙawata ta fashe da dariya, dariyar nan tata mai shiɗewa, wadda rabona da ji tun a gindin bishiya. Suka yi ta tafiya. Matar ta ce, “Koma haka nan, kin yi nisa.” Ƙawata ta ce, “Mu je dai.” Can suka tsaya, na ji wata ƙofa, sai matar ta ce, “A'a, ban ƙare miki labarin ba. Mu koma in taka miki.”

Lokacin hutuna ya wuce, abincina ya huce a kan cinyata, ban kashe ba. Ina biye da su suka je suka dawo. Sai na ji muryarta kusa: “Kai, ashe ban kashe wayar ba.” Matar ta tambaya wace ce. Ta ce, “Wata ƙawata ce ta lakwal, can Amurka.” Layin ya yanke.

Ba ƙarya ta yi ba. Na goge fuskata na koma na ƙarasa aikina, na auna jinin mutane, na yi musu murmushi.

Da na tashi ban nufi gida ba, na juya mota zuwa gabashin gari. Mun daɗe da tashi daga unguwar. Na ajiye motar a gaban tsohuwar ƙofarmu na sauka. Shagon wanki ya koma wurin aski. Cocin yana nan, barandar tana nan, ba kujera mai lilo. Na wuce bishiya ban tsaya ba, na taka har ƙofar benensu, tunda na ce zan rama. Wasu ne a ciki yanzu, da keken yara a bakin matakala. Na ɗan tsaya, ba wanda ya ce mu koma in taka miki.

Sai na juyo ni kaɗai, yadda ta juyo ran nan. Ban taɓa sanin hanyar tana da nisa haka ba. Ina isowa bishiyar na tsaya, na jingina goshina da ita.